Maiƙon da Ba a Gani

Yau zancenmu a kan mai ne, amma ba na kwalba ba, na cikin jini.

Kin dai san mai ba ya haɗuwa da ruwa, jinin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne. Saboda haka jiki kan naɗe maiƙo cikin furotin, ya aika da shi ta jijiyoyi kamar yadda ake yi wa jaki laftu. Jakunan nan, biyu ne ya kamata ki sani. Na fari likitoci suna kiransa LDL. In ya yi yawa sai ya riƙa zubar da kayansa a hanya, har jijiya ta ƙuntace. Na biyu HDL, shi kuwa aikinsa kwashe abin da aka zubar, ya kai hanta. In na fari ya rinjayi na biyu, wata rana sai maigida ya yanke jiki ya faɗi da ciwon zuciya, ko ɓarin jikinsa ya shanye, a yi ta cewa iska ce.

Zaman birni yana ƙara wannan matsala. A ƙasar Meziko, maƙwabciyar Amurka, an auna jinin manya mazauna birane a 1992 da 1993, aka tarar abin da ya fi damunsu shi ne ƙarancin HDL. Mutanen can kuwa masu shan lemon kwalba ne ainun, ga shi sukari in ya yi yawa hanta kan mai da shi kitse. A 2014 gwamnatinsu ta sa wa lemon haraji. Nijeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita cikin dokar kuɗi ta 2021.

Kada ki ce ina ruwan Nariya da Meziko. Ai birni ya biyo mu har ɗaka. Kakanninmu na ƙasar Kibiya da Rano tuwon dawa suka ci da miyar kuka, suka sha fura, suka yi daka, suka je kasuwa da ƙafa. Yau inji ke niƙa, babur ke kai mu unguwa, ga taliyar leda, ga lemo duk ranar suna.

To, maganin yana hannunki, tun da ke ce mai tukunya. Man gyaɗa ya fi man shanu da manja da kitsen nama sauƙi ga jijiya, amma shi ma a zuba da awo. Man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi, a zubar. Ki yawaita wake, da kuɓewa, da kwaɗon zogale da na rama. Ki kuma motsa jiki kamar rabin sa'a kowace rana, ko da shara ce da ɗiban ruwa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku gaya wa iyayenku: ba a gane wannan maiƙo da ido. Siririn mutum ma yana iya samunsa, ba kuwa ya jin ciwon komai sai ya yi ɓarna. Awon jini kaɗai ke nuna shi. Ku sa su tambaya a Babban Asibitin Rano, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano in sun shiga birni, musamman masu hawan jini ko ciwon sukari.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.