Ma'aunin Sojojin Jiki

A watan Yunin 1981, likita Michael Gottlieb da abokan aikinsa a Los Angeles suka ba da rahoton samari biyar da wani ciwon huhu ya kwantar, irin wanda ba ya kama mai lafiyayyar garkuwar jiki. Kafin shekarar ta fita, gwajin jini ya nuna wani rukuni na fararen ƙwayoyin jinin irin waɗannan majinyata ya kusan ƙarewa. Rukunin nan shi ne CD4. Sai a 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayar HIV mai yin ɓarnar.

A asibiti ana kiran ƙwayoyin nan sojojin jiki, kuma sunan ya dace. CD4 su ne masu ba da umarni, CD8 kuwa, wani rukunin fararen ƙwayoyin, su ne masu kai farmaki kan duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500 a ɗan ɗigon jinin da bai fi kan allura ba, kuma sun fi CD8 yawa. Idan an raba adadin farko da na biyu, amsar takan haura 1.

HIV tana kifar da wannan lissafi. Tana cinye masu umarni, masu farmaki kuma su ƙaru. Da zarar CD4 sun faɗi ƙasa da 200, cuta ta yi nisa, likita zai shiga neman tarin fuka da sanƙarau na naman gwari.

Tun 1996 da aka fara haɗa magunguna uku, hankali ya koma kan awon yawan ƙwayar cutar a jini, kuma shi ne babban ma'auni har yau. Sai dai akwai abin da ba ya faɗa. Ga mutum biyu, kowa na shan magani a kan kari, ba a ganin ƙwayar a jininsu, kowa CD4 ɗinsa 600. Na farko CD8 ɗinsa 500, amsarsa 1.2. Na biyu 1,500, amsarsa 0.4. A ido ba su da maraba, amma jikin na biyu bai ajiye makami ba. Wannan zaman ɗar-ɗar yana tsufar da garkuwa da wuri, kuma bincike ya danganta shi da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da wasu nau'o'in daji.

Wanda ya fara magani da wuri ya fi samun dawowar daidaiton CD4 da CD8, wanda ya makara kuwa yakan yi shekaru amsarsa ba ta kai 1 ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara bai wa duk mai HIV magani, ko nawa ne CD4 ɗinsa.

Likita mai lura ba ya yanke hukunci da wannan amsa kaɗai, domin tsufa ma yana rage ta. Haka ƙwayar CMV, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita ba su sani ba, takan kumbura adadin CD8.