Jinkirin haihuwa: awon da maigida ba ya son yi

A shekara ta 2016 Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta fito da wani fim mai suna L'Arbre sans fruit, wato itaciyar da ba ta ƴaƴa, wanda ya bi rayuwarta da ta wasu matan da suka yi aure haihuwa ba ta zo ba. Fim ɗin ya samu lambar yabo a ƙasashen waje, a gida kuwa ya fito da zancen da aka saba yi da raɗa. A Nijar, inda binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace guda tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a ƙiyasi, na 2021 kuma ya nuna 6,2, amarya ba ta cika wata shida a ɗaki ba sai dangin miji su fara satar kallon cikinta. In shekara ta zagayo shiru, an riga an yanke hukunci ba tare da an zauna shari'a ba: juya ce.

Likitoci ba su lissafi haka. Ba a kiran abu rashin haihuwa sai miji da mata sun shekara guda suna tarawa a kai a kai, ba tare da wata dabarar hana ciki ba, kuma ciki bai shiga ba. Ko ma'auratan da ba abin da ke damunsu, damarsu a kowane wata ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba. A ƙarshen shekara wajen takwas cikin goma ke samu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan matsala a rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na matalauta.

Abin da ya fi wuyar karɓuwa a majalisar maza shi ne, kusan a rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Jama'a na haɗa ƙarfin namiji a shimfiɗa da ikonsa na ba da ciki, alhali abubuwa biyu ne dabam. Mutum na iya zama lafiyayye sarai, maniyyinsa kuwa ba ƙwayoyin haihuwa a ciki, ko suna nan ƴan kaɗan, ko ba su motsi. Ciwon sanyin da aka yi wa rabin magani da kafso na bakin tasha yana iya toshe hanya. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga, kumburin jijiyoyin maraina, taba, duk suna ragewa. Zazzaɓi mai zafi ma yakan kassara ƙwayoyin na ɗan lokaci, domin jiki na ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya ƙera sababbi. Saboda haka hujjar nan ta cewa ai yana da ƴaƴa da uwargida ba ta wanke kowa: ɗan da aka haifa shekara goma baya shaidar wancan lokaci ne. Maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa kuwa ba ya ƙara ko ƙwaya guda.

Abin mamaki, awon namiji shi ne mafi sauƙi da araha. Ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a laboratuwar, a duba da madubin likita. Ba allura, ba yanka. Mace kuwa sai an ɗebi jini, a yi mata ekogarafi, wani lokaci a ɗura mata ruwan hoto a mahaifa don a ga ko bututun ƙwai a buɗe suke, aikin da ke da zafi da tsada. Duk da haka, a layin Maternite Issaka Gazobi ta Yamai ko a cibiyoyin uwa da yaro na jihohi, mata ne ke zaune, kowace da uwa ko ƙanwa. Maigida ya biya kuɗin ordonas ya koma kanti. Wani ya ƙara aure don ya gwada, amarya ita ma ta shiga layi.

Akwai kuma batun kwanaki, wanda ya shafi fatake da ma'aikata fiye da kowa. Ƙwan mace ba ya wuce kwana guda da rai bayan ya fito. Ƙwayar namiji na iya kai kwana biyar a jikinta. Ke nan kwana shida ne kacal a wata ciki ke iya shiga, kuma ƙwan yakan fito ne wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba lalle sai rana ta 14 bayan wadda ta wuce ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke tsakanin Kano, Kwatano da Lome, ko malamin lakwal da aka tura wani ƙauyen Tawa ya bar iyali a birni, yana zuwa gida ƙarshen wata in an biya albashi, yana iya saɓa wa waɗannan kwanaki shekara cur. A gidan da ake rabon kwana ma lissafin na ƙara ƙuntata. Shawarar likitoci ba ta buƙatar kalanda: tarawa kowane kwana biyu ko uku. Zubowar ruwa bayan tarawa, da ke tayar wa mata da yawa hankali, ba ya hana komai.

Ana zargin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ƙone mahaifa. Ba su yi. Wadda ta daina sha na iya ɗaukar ciki cikin watannin farko. Allurar wata uku ce ke jinkirtawa, wani sa'i har kusan shekara, sannan abu ya koma daidai. Abin da ya fi toshe bututun mata a wannan yanki shi ne ƙwayoyin cuta: ciwon sanyi, wanda sau da yawa miji ne ya kawo shi gida kuma mace ba ta jin alamarsa, da cutar da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari in ba a kula da tsabta ba, da tsargiya a garuruwan bakin kogi da tafkuna. Shi ya sa ake ganin mace ta haifi ɗaya, daga nan ƙofa ta rufe.

Mafi tsada cikin duka shi ne lokaci. Wata za a ce cikinta ne ya kwanta, ta shekara uku tana jiran ya tashi, alhali ekogarafi na ƴan mintoci zai nuna ko ƙari ne a mahaifa ko al'ada ce ta ɗauke. Wata a ce aljani ya aure ta. Wata a kai ta a yi mata yankan gishiri, wanda bai taɓa buɗe bututu ba, amma ya jefa mata da dama cikin yoyon fitsari. Addu'a ba ta hana zuwa awo, kuma ba wanda ya ce a bar ta. Sai dai ƙwan mace na raguwa da shekaru, raguwar na ƙara sauri bayan 35. Don haka wadda ta wuce 35 ba a son ta jira shekara: wata shida ya isa ta je, wadda al'adarta ke rikicewa kuma ta je tun da wuri. A kowane hali likita zai nemi ganin mutum biyu, kuma takardar awon farko da zai rubuta har da sunan maigida a kanta.