Kasuwar Maigatari: makaranta ga ɗaliban tattalin arziki

A kowace Alhamis, fatake daga Nijar da sassan Najeriya kan hallara a kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke masarautar Gumel, a jihar Jigawa.

Ga ɗalibin da ke neman batun binciken kammala karatu, kasuwar makaranta ce. Shi dai ilimin tattalin arzikin gudanar da kasuwanci yana nazari ne kan yadda ɗan kasuwa ke yanke shawara: me zai saya, nawa zai sayar, kuma yaushe.

Alal misali, shin mai kiwo ya sayar da ragonsa yanzu, ko kuwa ya jira babbar Sallah? Amsar na buƙatar a auna kuɗin dusa da magani, da ribar da jarin zai kawo a wata sana'ar.

Haka kuma rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 dama ce ta gano yadda farashi ke sauyawa idan dabbobi suka yi ƙaranci.

To sai dai galibin cinikin na baka ne. Don haka tilas ɗalibi ya riƙa zuwa kasuwar mako-mako, yana tattara alƙaluma daga bakin dillalai.