Lanƙwasa da wurin juyawa a kalkulas: wace magana ce gaskiya, wace ce ƙarya?

Da zarar jarrabawa ta ƙarato, ɗaliban lissafi sukan shiga miƙa wa juna gajerun hanyoyi. Haka abin yake a ko'ina, har da ƙasar Katagum, daga 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO zuwa masu karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau. Wasu hanyoyin suna kai mutum gida, wasu kuwa suna cinye masa maki. Mun zaɓi huɗu da suka shafi lanƙwasar layin zane, mun auna su.

Ga tushen maganar. Ma'aunin sauyi na farko, f′, yana faɗin ko layi hawa yake ko sauka, da kuma tsananin gangararsa. Na biyu, f″, yana faɗin yadda ita gangarar take sauyawa. Idan f″ ya haura sifili, layin yana zaune kamar ƙwarya a buɗe; idan ya gaza sifili, ƙwaryar a kife take. Inda layin ya tashi daga wannan siffa ya koma waccan, nan ne wurin juyawa. Tun a maƙalarsa ta 1684 masanin lissafi Leibniz ya yi bayanin wannan wuri.

Magana ta ɗaya: duk inda f″ ya zama sifili, wurin juyawa ne.

Ƙarya ce, kuma tana yawan kayar da ɗalibai. Ɗauki f(x) = x⁴. A nan f″ = 12x², wanda ke zama sifili a x = 0. Amma gwada x = −1, za ka samu 12; gwada x = 1, shi ma 12. Hagu da dama duk a buɗe layin yake, babu abin da ya juya. Sifili yana nuna maka inda za ka bincika ne kawai.

Magana ta biyu: idan alamar f″ ta sauya a wurin da layin bai yanke ba, an sami wurin juyawa.

Gaskiya ce. Ɗauki f(x) = x³ − 3x². A nan f″ = 6x − 6, sifilinsa yana x = 1. A x = 0 ya ba da −6, a x = 2 ya ba da 6. Alama ta sauya, saboda haka (1, −2) wurin juyawa ne. Sai dai a riƙe sharaɗin nan na rashin yankewa. A f(x) = 1/x alama tana sauyawa tsakanin hagu da daman sifili, amma layin bai taka x = 0 ba, don haka ba shi da wurin juyawa.

Magana ta uku: wurin juyawa shi ne ƙololuwar layi ko gindinsa.

Ƙarya ce. A misalin x³ − 3x², layin ya kai tudunsa a x = 0, ya kai kwarinsa a x = 2. Wurin juyawa yana tsakaninsu, kuma gangara a wurin −3 ce, wato nan ne saukar ta fi tsanani.

Magana ta huɗu: idan layi ya kife, abin da ake aunawa raguwa yake.

Ƙarya ce, kuma wannan ta wuce aji ta shiga kasuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.19 cikin 100 a Yunin 2024 zuwa kashi 33.40 a Yuli. Mutane da dama suka ce zancen banza ne, tunda kaya ba su yi sauƙi ba. Alhali alƙaluman ba su ce farashi ya sauka ba, cewa suka yi saurin hawansa ya ragu. A ƙaddara mudun gero a kasuwar Azare ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,300 a shekara guda, sannan ya kai 1,500 a ta gaba. Ƙarin ya ragu daga 300 zuwa 200, layin ya kife, amma magidanci kuɗin da yake biya ƙaruwa ya yi. Kukansa gaskiya ne, lissafin ma gaskiya ne.

Haka yake ga ma'aikacin lafiya mai bin adadin waɗanda suka kamu da kwalara ko sanƙarau. Ranar da sababbin masu kamuwa suka kai ƙololuwa, ita ce wurin juyawa a layin jimillar majinyata. Jimillar za ta ci gaba da hawa, sai dai a hankali. Duk wanda ya ɗauka annoba ta ƙare a ranar, ya saki jiki da wuri.

Saboda haka, ɗalibi, ga abin yi a takardar jarrabawa. Nemo f″. Fitar da wuraren da ya zama sifili ko ya ƙi samuwa. Gwada lamba ɗaya a hagu, ɗaya a daman kowane wuri, ka rubuta alamarsu a fili. Tabbatar layin ya ratsa wurin, sannan ka mayar da x cikin f don samun y. Malamai kuma, don Allah a riƙa kawo misalin x⁴ tun ranar da aka fara darasin, domin wanda ya gwada shi da hannunsa ba zai ƙara tsayawa a kan sifili ba tare da ya duba hagu da dama ba.