Auna Ingancin Dutsen Ziyolait: Tsantsarsa da Ƙarfin Musayarsa

A shekarar 1756 wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse da wuta mai zafi, sai ya ga yana kumbura yana fid da tururi kamar abin da ke tafasa. Ya raɗa masa suna da kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin tafasa, ɗaya tana nufin dutse, daga nan aka sami sunan ziyolait. Tururin nan ruwa ne da ke maƙale cikin waɗansu 'yan ƙananan ƙofofi da suka ratsa jikin dutsen, waɗanda faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. Amfanin dutsen duka daga waɗannan ƙofofi yake.

Ana haƙar ziyolait a ƙasashe da dama, kamar su Sin da Turkiyya da Silobakiya da Kyuba da Japan da Amurka, ana sayar da shi don tace ruwa, da gyaran ƙasar noma, da haɗa abincin dabbobi, da rage gubar amoniya a tafkin kiwon kifi. Amma fa abin da ake ɗurawa cikin buhu ba ma'adini ne zalla ba, niƙaƙƙen dutse ne, gamin gambiza. Mai sayen hatsi yakan tura hannu cikin buhu ya ji tsakuwa. Mai sayen ziyolait ba shi da wannan dama, don garin mai kyau da maras kyau duk launinsu ɗaya a ido.

Dalilin wannan gauraya yana ga asalin dutsen. Yawancin wanda ake haƙa toka ce ta duwatsu masu aman wuta, wadda ta zuba cikin teku ko cikin tafki mai ruwan kanwa, irin Tafkin Magadi na ƙasar Kenya. Tokar nan ɓarɓashin gilashi ce. Ruwan yana cinta sannu a hankali, shekaru dubbai, tana rikiɗa ta zama ziyolait. Rikiɗar ba ta cika kaiwa ƙarshe ba, saboda haka akan tarad da ragowar gilashi, da yumɓu, da ƙwayoyin yashi, da farar ƙasa, duk a cakuɗe da shi. A rami guda ma, dutsen sama yakan sha bamban da na ƙasa.

Awo na farko shi ne na tsantsa, watau a san kashi nawa cikin ɗari na dutsen ne ziyolait na ainihi, kuma wane iri ne. Ana niƙa ɗan samfuri ya yi laushi, a haska shi da hasken eksire. Kowane ma'adini yana da yadda yake karkata hasken gwargwadon jerin ƙwayoyin zarrarsa, sai na'ura ta zana tsinaye bisa takarda, masani ya karanta su kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. Hanyar tana da kyau, amma tana da iyaka. Gilashi ba shi da tsararren jeri, saboda haka ba ya fid da tsini, wanda bai lura ba sai ya lissafa tsantsa fiye da yadda take. Sa'an nan kuma akwai iri biyu, kilinoftilolait da hiyulandait, waɗanda zanensu kusan ɗaya ne. Kama da wane kuwa ba ta wane. A 1960 Frederick Mumpton ya nuna hanyar raba su: a bar samfuri ya kwana cikin zafin digiri 450, ginin hiyulandait sai ya rushe, na kilinoftilolait kuwa yana nan daram. Na biyun shi aka fi haƙa a duniya, shi kuma aka fi nema.

Awo na biyu ya fi kusa da aikin da ake sayen dutsen dominsa. An gina jikin ziyolait da silikon da alminiyam da iskar oksijin. Duk inda alminiyam ya zauna a gurbin silikon, sai ginin ya sami giɓin cajin lantarki guda ɗaya. Abin da ke cike giɓin shi ne ayon, watau ƙwayar zarra mai ɗauke da caji, irin ta sodiyam ko fotasiyam ko kalsiyam. Waɗannan ba a ɗaure suke ba, baƙi ne kawai da ke zaune cikin ƙofofi. Idan ruwa mai amoniyam ya bi ta kan dutsen, sai amoniyam ya shiga ya zauna, sodiyam ya fita ya bi ruwa. Wannan ita ce musayar ayon. In an wanke dutsen da ruwan gishiri mai kauri, musayar takan juya baya, a sake amfani da shi.

Don a auna ƙarfin musaya, akan jiƙa samfuri cikin ruwan amoniyam har dukan guraben su cika, a wanke, sa'an nan a kore amoniyam ɗin da wani gishiri a auna yawan abin da ya fito. Ma'aunin shi ne mili-ikwibalan a kowane giram, kuma mili-ikwibalan ɗaya na amoniyam miligiram 18 ne. Kilinoftilolait tsantsa yana da wajen 2.2, watau giram ɗaya yana iya riƙe kusan miligiram 40. Wani irin, kabazait, yana da wajen 3.8, saboda alminiyam ya fi yawa a jikinsa.

A nan ne awon biyu ke zama shaidar juna, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya bai karanta kome ba. Alal misali, in eksire ta ce dutse yana da kilinoftilolait kashi 60 cikin ɗari, ƙarfin musayarsa bai kamata ya wuce 1.3 da yawa ba. To, in takardar mai sayarwa ta ce 2.0, lalle akwai abin bincike. Wani irin yumɓu mai kumbura shi ma yana musayar ayon a bayan jikinsa, yakan ƙara adadi ba tare da ya yi aikin ziyolait ba. Farar ƙasa kuwa narkewa take yi cikin ruwan awo ta saki kalsiyam, wanda ya ƙidaya ayon da suka fito sai ya ɗauka musaya ce. A 1987 Ming da Dixon suka fito da dabarar raba gardama game da yumɓu: suka yi amfani da wani babban ayon wanda ba ya iya shiga ƙofofin kilinoftilolait amma yana zama bisa yumɓu, ta haka aka ware rabon kowanne.

Ko da adadin ya tabbata, ba shi ke nan ba. Ziyolait yana da zaɓe. Binciken L. L. Ames na 1960 ya nuna kilinoftilolait ya fi son siziyam, sa'an nan fotasiyam, sa'an nan amoniyam, kafin a zo kan sodiyam da kalsiyam, magniziyam kuwa yana can baya. Wannan zaɓe shi ya ba shi daraja duk da ƙarfinsa bai kai na kabazait ba. Saboda shi ne masana'antar nukiliya ta Sellafield a Ingila ta soma amfani da kilinoftilolait na jihar Kalifoniya a 1985, don tsame siziyam da sitironshiyam daga ruwa kafin a sake shi cikin teku. Amma zaɓen nan yana da ɗaya fuskar. Dutsen da ya fito daga rami cike da fotasiyam ba ya sakinsa da sauƙi don amoniyam, kuma ruwa mai yawan kalsiyam yakan cinye gurabe da yawa saboda rinjayen yawa. Abin da dutse zai kama cikin ƙazamin ruwa na gaske yakan gaza adadin ɗakin bincike nesa ba kusa ba. Shi ya sa injiniya mai hankali yakan cika bututu da dutsen, ya bi da ainihin ruwan da zai tace ta ciki, ya ƙidaya lita nawa suka wuce kafin amoniyam ya soma ɓullowa ta ƙasa. Manomi kuma buƙatarsa dabam ce: dutse mai fotasiyam taki ne a gare shi, mai sodiyam kuwa yana iya ƙara wa gonar rani gishiri.

Akwai gaurayen da ba rage ƙarfi kaɗai yake yi ba, kisa yake yi. Eriyonait shi ma ziyolait ne, amma siffarsa zare-zare ce kamar allura, in an shaƙi ƙurarsa takan soki fatar da ta lulluɓe huhu. A ƙauyukan Karain da Tuzköy da Sarıhıdır na yankin Kafadokiya a Turkiyya, mutane sun gina gidajensu da dutse mai eriyonait. Cikin shekarun 1970 likita İzzettin Barış ya bayyana yadda ciwon dajin fatar huhu ke kashe su, har a Karain ya kai kusan rabin dukan mace-mace. A 1987 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa eriyonait cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya ɓuya wa eksire, ba ya kuma canja adadin musaya, sai an duba ƙurar da madubin ƙara girma mai aiki da elektiron kafin a ga zaren. Dokar Tarayyar Turai ta 2013 game da kilinoftilolait na abincin dabbobi ta ƙayyade cewa tsantsarsa kada ta gaza kashi 80 cikin ɗari, yumɓu kada ya wuce kashi 20, kuma kada a sami zare ko ƙwayar yashi a ciki.