Ben Enwonwu da Mutum-Mutumin Tagulla

Ɗan Najeriya ne Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta zauna a gabansa, har a fadar Buckingham, ya ƙera surarta da tagulla. Ben Enwonwu ke nan, haifaffen Onica a 1917, ɗan masassaƙi, wanda ya yi karatun zane da sassaƙa a makarantar Slade ta Landan. An ba shi aikin ne a 1956, shekarar da Sarauniyar ta zo Najeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna, ya kammala a 1957. Wasu suka ce ya sa mata kamannin 'yan Afirka.

A ganina gwanintarsa ta fi fitowa a surar tagulla mai suna Anyanwu, wadda ya yi wa gidan tarihi na ƙasa da ke Legas tsakanin 1954 da 1955. Mace ce doguwa, ta miƙa hannuwa, jikinta yana ta sirancewa har ƙasa, sai ka rantse tashi sama za ta yi. Kanta ya ɗauko daga tsoffin tagullan Benin. A 1966 Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinta kyauta, tana New York.

Yaya ƙarfe mai nauyi ke samun wannan laushi? Ba a sassaƙa tagulla kamar icce. Da yumɓu ake fara gina siffar, a kwafo ta da kakin zuma, a lulluɓe kakin da ƙasa mai jure wuta, a gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbi. Cikin gurbin nan ake ɗura narkakkiyar tagulla. In ta huce a fasa ƙasar, a goge. Ko zanen yatsa da ke jikin kakin sai ya fito. Maƙeran Ife da Benin sun san dabarar ɗaruruwan shekaru kafin Enwonwu.

Bai tsaya kan tagulla ba. Da icce ya sassaƙa wa jaridar Daily Mirror ta Landan siffofi bakwai.

Mutanenmu da yawa na ƙyamar mutum-mutumi saboda addini, kuma wannan abin fahimta ne. Sai dai waɗannan ayyuka tarihin ƙasa ne, ya kamata a san mai su. Enwonwu ya rasu a Legas a 1994.