Ɓoyayyen Amo da Garkuwar Jiki a Maganin Ciwon Daji

Mutanen Kazaure da Roni, da yake ƙasarsu ta duwatsu ce, sun san amsa-kuwwa tun suna yara. Ita ce asalin na'urar nan ta asibiti da mata ke kira hoton ciki: ana tura amo cikin jiki, ya bugi gaɓoɓi ya dawo, a karanta siffarsu. Amon ya zarce girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kunnen mutum ba ya jinsa, ko da yake jemage da shi yake neman hanya. Saboda haka na zaɓi in kira shi ɓoyayyen amo.

Hoto dai dubawa ce kurum. Amma in aka ƙara wa amon ƙarfi, aka tattara shi a ɗigo guda, yadda yaro ke tattara hasken rana da gilashi ya ƙone takarda, sai ya zama makami. An gwada haka a kan dabbobi a Amurka tun 1942, likitocin birnin Chongqing na ƙasar Sin kuwa suka shiga jiyyar masu daji da shi wajen ƙarshen shekarun 1990.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko zafi ce, watau a ɗumama ƙarin har ya kai digiri 60 ko fiye, ya dahu ya mutu. Ta biyu, wadda aka ƙago a Jami'ar Mishigan, ba ta ƙona kome. Kumfa take tayarwa cikin naman, ta yi ta kumbura tana fashewa har ƙarin ya narke. A watan Oktoba na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi aiki da ita a kan ƙarin hanta.

To, ina ruwan garkuwar jiki da wannan? Ƙwayoyin daji daga jikin mutum suka fito, don haka sukan ɓuya, dakarun jiki su wuce su ba su gane ba. Sa'ad da amo ya farfasa ƙarin, alamunsa na ɓoye sukan watsu. Akwai waɗansu ƙwayoyi masu rassa, waɗanda Ralph Steinman ya gano a 1973, aikinsu kai rahoto. Su ne ke kwasar alamun nan su kai kaluluwa, su nuna wa dakarun da ake kira ƙwayoyin T. Da sun shaida abokin gaba, sai su bi jini suna farautarsa. A nan hanyoyin biyu suka bambanta, gama zafi mai yawa yakan ɓata waɗansu alamun, kumfa kuwa takan bar su da siffarsu.

Tun 1953 R. H. Mole ya raɗa suna ga wani abin mamaki, watau a yi wa wuri ɗaya magani, a ga tasirinsa a wani wuri mai nisa. An ga irin wannan a jikin ɓeraye bayan an yi musu aiki da amo, musamman in an haɗa da magungunan da ke kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi, waɗanda suka sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami lambar Nobel a 2018. Amma a jikin mutane abin bai faye aukuwa ba, bincike ake yi har yanzu.

Ga inda maganar ta shafe mu malamai. A ƙasar Hausa akan ce daji ba ya son ƙarfe, sai mai ciwo ya guji wuƙa da allura har lokaci ya ƙure. In muka fassara wannan aiki da "maganin daji ba tiyata", mun ƙara wa camfin ƙarfi, wani kuma ya zaci hoton ciki ma magani ne. Lalle mu raba kalmomin: hoto daban, jiyya da amo daban. Mu kuma gaya wa ɗalibanmu cewa wanda ya ji kumburi a jikinsa, daga Babura yake ko daga Gwiwa, ya hanzarta zuwa asibiti, in an tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika ya tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.